Zauren taron unguwa da ya gagari zama da rana: yadda aka gyara shi a Maraɗi

Zauren da yadda aka gina shi

Zauren yana wata unguwa ta Maraɗi, cikin waɗanda aka yanka daga baya a kan tudu, nesa da Gulbi. Mutanen unguwa ne suka gina shi da karo-karo: wannan ya kawo buhun siminti, wancan kwano biyar, matasa suka ba da ƙarfinsu. Tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9. Bangon bulo ne, rufin kwano, babu rufin ciki. In ka ɗaga kai, ƙarfen da ke riƙe da kwanon kake gani. Yadda filin ya zo haka aka bi shi, sai dogayen bangayen biyu suka fuskanci gabas da yamma. Tagogin ƙarfe shida aka yi masa, uku a kowane gefe, amma na yamma an liƙe su da walda tun lokacin da ɓarayi suka shiga ta nan suka kwashe kujeru.

Ba ya rasa jama'a. Da safe 'yan mata masu koyon ɗinki, ranar Laraba matan asusu, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991, da dare kuma ajin yaƙi da jahilci da ɗaliban da ke shirin jarrabawa waɗanda babu wuta a gidajensu. Kuɗin da ke riƙe da shi daga haya suke fitowa: walima, suna, taron ƙungiyoyi. Ni ke riƙe da littafin kuɗin kwamiti, saboda haka abin da ke tafe daga littafin nan yake da kuma abin da idona ya gani.

Bazarar 2022: aka ƙara fanka

Daga Maris zuwa Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40 a inuwa. A watannin nan, daga hantsi ya ɗaga har zuwa bayan la'asar, zauren ba ya zaunuwa. Masu ɗinki sukan tashi tun ƙarfe goma sha ɗaya. Matan asusu suka kwashe tabarminsu suka koma gindin bedin da ke ƙofar wani maƙwabci, akwatin kuɗinsu a tsakiya, masu wucewa na kallo. Ko da dare, in ka jingina da bangon yamma bayan isha'i, ɗumi kake ji a bayanka kamar ka jingina da gefen tanda.

A lokacin akwai fanka shida a sama da dogayen fitilu goma sha biyu, duka a kan makunni biyu kacal: ɗaya na fitilu, ɗaya na fanka. Yaro ɗaya zai shigo karatu ya kunna komai.

Kwamiti ya zauna a watan Afrilu ya yanke shawarar ƙara fanka huɗu, suka zama goma. Faktir ɗin wata mai zuwa, wato takardar kuɗin wuta, ya hau. Matan asusu suka dawo sau ɗaya, suka sake fita. Shugabarsu ta ce mini, "Malam, wannan fankar taku wuta take zubo mana a ka." Fankar a rataye take ƙasa kaɗan da kwanon, iskar da ta taru can sama ita take turowa ƙasa.

Farkon 2023: kilim biyu

Wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda ya aurar da 'yarsa a zauren ya ga yadda baƙinsa suka jiƙe da gumi, ya sayo kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda biyu, masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, ya ba da kyauta. Aka kafa su kafin azumi, wanda a shekarar ya kama a ƙarshen Maris. Aka yi murna, aka yi addu'a.

Abubuwa uku suka biyo baya. In an kunna su tare da fitilu da fanka, makashin da ke jikin mitar wuta sai ya faɗi, don ƙarfin da aka yi rajista da shi tun farko bai kai ba. Sai da aka je aka ƙara, aka biya. Na biyu, sanyin bai wuce layin kujeru biyu da ke gabansu ba, nan manyan baƙi ke zama, sauran jama'a kuwa an rufe musu tagogin gabas don kada sanyi ya fita. Na uku shi ne faktir. A watan Mayu abin da aka biya ya fi duk kuɗin hayar da aka tara a watan. Daga nan aka sa doka: ba a kunna kilim sai wanda ya yi haya ya biya ƙari. Cikin masu haya kaɗan ne suka yarda.

Agusta 2023 zuwa Fabrairu 2024: gurup, sannan sola ta farko

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, a farkon Agusta kuma Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Maraɗi ta ji a jikinta, don layin da ke ciyar da ita daga Katsina yake tasowa ya bi ta Gazawa. Kuran, wato wutar gari, ya koma zuwa kamar baƙo. Ajin dare ya tsaya.

Aka sayi ƙaramin gurup na hannu, wato injin ba da wuta mai shan fetur. Amma tun 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, kwalbar da ake saye wajen 'yan ruwa-ruwa a bakin titi ta daina araha, ga iyaka a rufe. Gurup ɗin ba ya iya ɗaukar kilim, fitilu da fanka kawai yake ja, kuma sai an aje shi bakin taga saboda gajartar waya. Malamin ajin dare sai ya ɗaga murya kamar mai shela. Wata biyu aka yi aka ajiye shi sai ranar biki.

A watan Nuwamba aka tara kuɗi aka sayi sola a kasuwa: fano biyu, wato faifan da ke kama hasken rana, batir biyu na ruwa masu bolt 12 da amfiya 100 kowanne, da injin juya wuta. Mai haɗawa ya ɗora fanon a kwance a kan kwano, ya jera batiran a ɗan ɗakin ajiya da ke kusurwar yamma, ya haɗa su da wayoyin zauren yadda suke. A makon farko fitilu da fanka sukan kai kusan awa biyu. Zuwa Fabrairu, fitilu kaɗai ba sa kai rabin awa. Mai haɗawa ya ce batiran jabu ne. Mai shago ya ce mu ne muka kashe su. Ba a mayar mana da ko dala ba.

Maris da Afrilun 2024: awo

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta fara dawowa bayan haka. Kwamiti ya sake zama, wasu na cewa a sayi sababbin batira, wasu na cewa a rufe zauren da rana a huta. A taron akwai wani yaron unguwa da ke karatun kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatun dare a zauren. Ya roƙi a ba shi mako biyu kafin a kashe ko sefa ɗaya.

Abin da ya fara yi shi ne bin kowane kaya yana karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Doguwar fitila wat 40, guda goma sha biyu, wat 480. Fanka wat 75, guda goma, wat 750. Jimla 1,230. Kilim biyu sun ƙara wajen 2,400 a kai. Sai ya koma kan batira. Biyun nan in sun cika taf suna riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya, amma batir na ruwa ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya daɗe. Ke nan abin da muke da shi bai wuce na awa ɗaya ba, mu kuwa kullum sai mun tatse su har fitila ta mutu. Ga ɗakin da aka aje su, wanda ya fi ko'ina zafi, alhali batir irin wannan rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Da ya hau saman kwano ya shafa fanon, ya rubuta sunansa da yatsa a cikin ƙurar hunturu. Tun da aka kafa su ba wanda ya wanke.

Lissafin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na kilim. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kamar na wat 100. Mutum ɗari a walima, wat 10,000 ke nan. Kilim mai doki ɗaya da rabi zafin da yake iya kwashewa bai wuce wat 3,500 ba, biyu 7,000. Tun ba a yi maganar rana ba, baƙin kansu sun fi ƙarfin na'urorin. Rana kuwa da tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, rufin namu ya haura murabba'in mita 160. Ba duka ke shigowa ba, amma kwanon da ya yi duhu da tsatsa da ƙura yana shan mafi yawansa, ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya riƙa gasa duk wanda ke ƙarƙashinsa.

Ya rataya ma'aunin zafi biyu, ɗaya a tsakiyar zauren, ɗaya a gindin bedin da matan asusu suka koma. Kowace rana da ƙarfe biyu na cikin zauren ne a sama. Mata sun riga ma'auni sani.

A ranar da ya kawo bayaninsa, an kira wani tsohon magini, wanda ya yi aikin ginin ƙasa tun kafin bulo ya cika gari. Ya saurara har aka gama, ya zagaya zauren da sandarsa, ya tsaya a tsakiya ya duba sama.

"Ɗana, ina zafin zai fita?"

"Babu hanya, Baba."

"To. Mu da muke soro, ko ɗaki ƙarami ne sai mun bar 'yar kafa can sama kusa da rufi. Kun yi tukunya kun rufe ta da murfin ƙarfe kun aza a rana."

Mayu zuwa Yulin 2024: rufi da bangon yamma

Aka fara da gwaji, don kuɗin hannu kaɗan ne kuma mutane sun gaji da alkawari. Aka wanke kwano huɗu a kusurwa ɗaya, aka kankare tsatsa, aka shafa farin fenti. An so a sa farar ƙasa saboda arha, mai walda ya hana, ya ce tana cin kwano. Washegari da ƙarfe biyu aka kafa tsani a ciki, 'yan kwamiti suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Na hau ni ma. Na ɗora tafin hannu a ƙarƙashin wanda aka shafa, na iya barinsa har na ƙirga goma. Na matsa zuwa na kusa da shi, ban kai biyu ba na janye. Babu wanda ya sake gardama. Aka shafe rufin duka kafin ruwan farko.

Sai kafofin iska. Aka fasa layin bulo na sama a bangon gabas da na yamma, aka bar kafa shida kowane gefe, aka sa musu ragar waya saboda tsuntsaye da jemagu. Tagogin yamma aka yanke waldarsu, aka sa musu sandunan ƙarfe ta ciki, yadda za su buɗe ɓarawo kuma bai samu hanya ba.

Rufin ciki, wanda magina ke kira filafon, shi ya fi cin kuɗi, shi ya fi jawo muhawara. Wasu suka kawo shawarar a shimfiɗa zana ko karan gero a samansa don ya ƙara tare zafi. Dabarar tana aiki, amma mai gyaran wuta ya ce ba zai bi da waya ta cikin busasshiyar ciyawa ba, tsohon magini kuma ya ambaci gara da ɓeraye. Aka bar sararin da iska kawai. An kafa filafon ɗin ƙasa da kafofin nan, ta yadda iskar da kwano ya gasa za ta ratsa tsakaninsu ta fice ba ta sauko kan mutane ba, aka kuma bar ramuka uku masu raga a tsakiyarsa don zafin jama'a ya samu mafita.

A jikin bangon yamma aka kafa rumfar zana mai faɗin mita biyu da rabi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aka dasa bedi biyar a tazarar mita huɗu daga bango saboda saiwa. Awaki suka cinye uku a mako guda. Aka sake dasawa, aka kewaye da tsofaffin bulo.

Ƙarshen Agustan 2024: ruwa

Daminar 2024 ta yi ɓarna a Maraɗi, ruwan da aka yi a ƙarshen Agusta ya rushe gidaje ya kuma ci rayuka. Zauren bai faɗi ba, har iyalai huɗu suka fake a ciki na wasu makonni. Amma hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska, kuma kafofin da muka buɗe a bangon gabas ba su da komai sai raga. Ruwa ya shiga ta nan ya kwanta a kan filafon. Allo bakwai suka kumbura suka lanƙwashe, biyu suka faɗo. Rumfar yamma ta tsira da rabin zanarta.

Da aka gaya wa tsohon magini, ya ce ai ya faɗa a ranar cewa bangon gabas ba a yi masa baki a buɗe. Na duba littafin taro, ban ga na rubuta ba. Wataƙila ya faɗa lokacin da ake ta surutun kuɗin fenti.

A watan Oktoba mai walda ya yi wa kowace kafa hular kwano mai gangarowa waje, ta sauko ƙasa da bakin kafar. Aka canza allunan da suka lalace.

Nuwamba 2024 zuwa Janairu 2025: fitilu, fanka, sola ta biyu

Aka cire dogayen fitilu goma sha biyu aka sa na LED guda goma masu wat 18. Da yake an shafa wa filafon da bango farin fenti, goman sun fi sha biyun haske. Fanka goma aka sauke, aka sa takwas na zamani masu cin wat 30, a rataye ƙasa da filafon daidai kan inda mutane ke zama. Jimlar kayan ta sauko daga wat 1,230 zuwa 420. Makunnai aka raba su layi uku, wanda zai yi karatu shi kaɗai ya kunna na gefensa.

Kuɗin wannan da na sola daga ina? Daga gurup da kilim biyu. Gurup ba matsala, amma sayar da kyautar mutum yana raye, a unguwar da yake salla, ba abu ne da ake yi da takarda ba. An yi wata guda ana jinkiri. Daga ƙarshe mai unguwa da liman suka je gidansa bayan magariba, suka tafi da yaron nan da takardar lissafinsa. Alhaji ya saurara, ya tambayi ko na'urorin ne ba su da kyau, aka ce lafiyarsu lau, ɗakin ne ya fi ƙarfinsu. Ya ce, "Malam, abin da na bayar na bayar." Shi da kansa ya samo mai saye, ya cika abin da ya rage.

Wannan karon an fara da lissafi. Awa huɗu na dare a kan wat 420 bai kai kilowat biyu na awa ba. Aka sayi batir ɗaya na litiyom mai ɗaukar kusan biyu da rabi, da fano huɗu masu wat 300. Aka kafa su a kan ƙarfe, sun fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15, da sarari a ƙarƙashinsu don iska ta ratsa. Batir aka aje a kusurwar arewa, ƙasa, kusa da taga. Ba a yanke wutar gari ba, an bar ta a kan soket biyu da aka shafa wa jan fenti.

Jan fentin yana da dalili. A mako na biyu injin ya riƙa ɗaukewa da safe, aka rasa gane kansa, sai aka tarar masu ɗinki na sa dutsen guga na lantarki, wanda shi kaɗai yana cin wajen wat 1,000. Yanzu guga a jan soket ake yi ko da gawayi. Wankin fano aka ɗora wa mai gadi, sau biyu a mako lokacin hunturu, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, aka ƙara masa ɗan abu a kan albashinsa.

Bazarar 2025: abin da aka gani

Azumi ya kama a farkon Maris. Masu ɗinki suka riƙa kai wa azahar. Matan asusu suka dawo da akwatinsu ciki. Ma'aunin zafi biyun nan suka sauya wuri: na zauren ya daina wuce na gindin bedi, wasu ranakun ma yana ƙasa da shi kaɗan. Ajin dare bai tsaya ko sau ɗaya saboda ɗaukewar kuran ba. Faktir ya koma abin da hayar walima ɗaya ke biya har a samu canji.

Zauren bai zama wurin sanyi ba. A ƙarshen Afrilu da Mayu, in taro ya haura mutum ɗari da la'asar, ana gumi, wasu masu biki har yanzu sun fi son kafa rumfa a titi.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kurakurai huɗun farko kuskure ɗaya ne. Fanka, kilim, gurup, sola ta farko, duka an saye su ne don su yi kokawa da zafin da ginin kansa ke ƙerawa, kuma kowanne ya ƙara nauyi a kan na bayansa. Fanka ba ta sanyaya iska, jikin mutum take busarwa, saboda haka ƙarƙashin kwano tsirara ba ta da abin bayarwa. Sola ta farko ba lallai jabu ba ce. Mun ɗora mata kayan da ya ninka ƙarfinta, muka aje ta inda ko sabuwa ce za ta mutu. Na yi wa mai shagon nan mummunan zato shekara guda, ban kuma koma na gaya masa ba.

Abin da ya canza zaman zauren shi ne fenti, filafon mai mafitar iska, da rumfar yamma, kuma babu ɗayansu da ke cin wuta. Sola ta biyu ta yi aiki ne don an riga an rage kayan zuwa kashi ɗaya cikin uku kafin a saye ta. Da an sayi batir ɗin nan a 2023 aka haɗa shi da tsofaffin fitilu da fanka, da awa biyu zai riƙa yi ya ƙare. Cikin duka, wanda ban iya raba tasirinsa da na sauran ba shi ne ramukan tsakiyar filafon, don tare aka yi su da sauran aikin rufi.

Asarar allunan Agusta laifinmu ne, mun saurari lissafin ɗalibi da kunne biyu, tsohon magini da kunne ɗaya.

Akwai abin da bai ƙare ba. Farin fentin ya fara komawa ruwan ƙasa, sai an wanke rufin kafin kowace bazara, kuma nan da wasu shekaru sai an sake shafawa. Zanar rumfa ba ta wuce damina biyu. Batir zai tsufa wata rana, kuɗinsa kuma ba na karo-karon mako guda ba ne. Kwamiti ya amince a riƙa cire wani kaso daga kowace haya a ba matan asusu su riƙe a akwatinsu, don ya fi wuyar taɓuwa a can fiye da a hannunmu. Watanni biyu cikin shida na farko ba a cire ba, an ce ana bukatar kuɗin gyaran ƙofa. Bedi huɗu sun kama, babbansu ya kai tsayin taga.